Fansho da Garatuti: Nazarin Tsarin da Kalmominsa a Hausa

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Duk ma'aikacin da ya kama aiki yau, akwai ranar da za a ce masa ya huta, kuma abin da zai ci daga wannan rana shi ne batun wannan maƙala. Ni ɗan Tudun Wadan Jos ne, unguwar da ke maƙwabtaka da sakatariyar gwamnatin tarayya, ga kuma sakatariyar jiha ta Joseph Gomwalk ba nisa. Saboda haka da wuya ka wuce gida biyar a unguwarmu ba ka tarar da tsohon malamin makaranta ko tsohon akawu ko masinja ko ɗan sanda mai ritaya ba. Yawancinmu ba Hausawa ba ne, amma da Hausa muke ciniki, da ita muke gaisawa, da ita kuma tsofaffinmu suke tattauna zancen fanshonsu.

Zan yi ƙoƙarin kawo abu biyu a nan. Na farko, taƙaitaccen tarihin fansho a Nijeriya da yadda tsarin yake aiki. Na biyu, kalmomin da Hausa take amfani da su a wannan fage, da inda suka dace da inda suke rikitar da mai sauraro. Dalilina shi ne, mu ɗaliban harshe mu ne za mu zama malamai da masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo. Idan muka juya kalma ɗaya ba daidai ba, tsohon da ya dogara da mu yana iya sa hannu a takardar da bai fahimta ba.

2.0 Tanadin Tsufa Kafin Zuwan Fansho

A gargajiyance, Bahaushe da Birom da Angas da sauran ƙabilunmu ba su san wani ofishi da ke biyan tsoho kuɗi a ƙarshen wata ba. Gandu shi ne jingina. Maigida ya yi noma da ƙarfinsa ya ciyar da 'ya'ya, idan ƙarfi ya ƙare 'ya'yan su karɓi fartanya su ciyar da shi. Mai sana'a kuwa yakan mayar da ribarsa dabba ko gona ko gida. Bayan wannan akwai zumunci, da zakka da sadaka a wurin Musulmi, da taimakon ikilisiya a wurin Kirista.

Aikin albashi ne ya sauya wannan. Mutumin da ya bar ƙauye ya shafe shekara talatin a ofis ko a tashar jirgin ƙasa ba shi da gandun da zai koma wa. Jos kuwa gari ne da aikin lada ya gina. Haƙar kuza ce ta jawo dubban mutane tun farkon ƙarni na 20, har a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, Turawa suka riƙa kwaso mutane ala tilas zuwa filayen kuza, abin da aka riƙa kira ɗiban gwamna. Mafi yawan leburorin kuza aikin lada suke yi, a biya su a sallame su. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, da yawa sun tsufa hannu wofi.

3.0 Tarihin Fansho a Taƙaice

Fanshon tsufa na gwamnati ya samo asali ne daga Turai. Jamus ta kafa nata a 1889 a zamanin Bismarck, Ingila kuma ta bi baya a 1908 da sule biyar a mako ga talakan da ya kai shekara 70. A Nijeriya kuwa ga manyan matakan da aka bi:

(a) 1951: Dokar fansho ta farko ta Turawan mulki, wadda aka mayar da fara aikinta baya zuwa 1 ga Janairu, 1946. Ma'aikatan gwamnati kaɗai ta shafa.

(b) 1961: An kafa asusun tanadi na ƙasa domin ma'aikatan kamfanoni. A 1993 aka kafa hukumar NSITF ta gaje shi.

(c) 1979: Dokar soja mai lamba 102 domin ma'aikatan farar hula, da mai lamba 103 domin sojoji. Waɗannan su ne ginshiƙin abin da ake kira tsohon tsari.

(d) 1999: Tsarin mulki, a sashe na 173 da na 210, ya ce fansho haƙƙi ne, ba a cire masa haraji, kuma a riƙa duba shi duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, wanda duk ya riga zuwa.

(e) 2004: Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a dokar gyaran fansho, bayan aikin kwamitin da Fola Adeola ya jagoranta. An ɗauko samfurin daga ƙasar Chile, wadda ta fara irinsa a 1981. Dokar ce ta kafa Hukumar Kula da Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, Muhammad K. Ahmad kuma shi ne shugabanta na farko.

(f) 2014: Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin ta 2004.

4.0 Tsohon Tsari

A tsohon tsari ma'aikaci ba ya zuba ko kwabo. Gwamnati ce take alkawarin biyansa daga kasafin kuɗin kowace shekara, gwargwadon albashinsa na ƙarshe da yawan shekarun da ya yi. Wanda ya yi shekara biyar yana da garatuti kawai. Wanda ya yi goma yana da garatuti da fansho. Wanda ya cika shekara 35 yana aiki, fanshonsa kashi 80 cikin ɗari ne na albashinsa, garatutinsa kuma albashin shekara uku. Ana yin ritaya idan an cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki.

Bari mu buga misali. A ɗauka albashin mutum na ƙarshe naira 100,000 ne a wata, ya kuma cika shekara 35. Fanshonsa zai kama naira 80,000 duk wata har ƙarshen rayuwarsa. Albashinsa na shekara naira 1,200,000 ne, saboda haka garatutinsa naira 3,600,000.

A takarda wannan tsari ya yi kyau ƙwarai. Matsalarsa ita ce babu wani asusu da aka tara kuɗin a ciki. Duk shekarar da kuɗin gwamnati ya yi ƙaranci, 'yan fansho ne ake fara mantawa da su, domin ba su da aikin da za su ajiye su shiga yaji. Kafin 2004 an ƙiyasta bashin da 'yan fansho ke bin gwamnati ya kai kimanin naira tiriliyan biyu. Ga kuma sunayen bogi a cikin jerin masu karɓa, ga tsofaffi a layi cikin rana ana tantance su.

Sata ma ta yi nata ɓarnar, kamar an ba kura ajiyar nama. A 2013 wata kotu a Abuja ta samu John Yakubu Yusuf da laifi a kan kuɗin fanshon 'yan sanda, ta ba shi zaɓin biyan tarar naira 750,000, hukuncin da ya tayar da ƙura a duk ƙasa. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi ɗaurin shekara shida da tarar naira biliyan 22.9. Shi kuwa Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa aikin gyaran fanshon, a 2021 aka yanke masa ɗaurin shekara takwas. Don kawo ƙarshen irin wannan aka kafa hukumar PTAD a 2013, ita ce ke biyan 'yan fanshon tarayya da suka rage a tsohon tsari. Daga 2023 ta koma tabbatar da cewa mutum yana raye ta hanyar waya ko kwamfuta, da hoton fuska ko zanen yatsa.

5.0 Sabon Tsari

A sabon tsari kowane ma'aikaci yana da asusunsa na kansa, mai ɗauke da lambarsa, wanda ake taƙaita sunansa da RSA. Duk wata ana cire wani kaso daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara nasa, a zuba a asusun. A dokar 2004 kowane ɓangare kashi 7.5 yake bayarwa. Dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aiki. Idan muka koma ga mai albashin naira 100,000, za a cire masa 8,000, a ƙara masa 10,000, wato 18,000 a wata, ko 216,000 a shekara, ban da ribar da kuɗin zai jawo.

Hannu uku ne ke riƙe da tsarin. Akwai kamfanin gudanarwa, wato PFA, wanda ma'aikaci ke zaɓa da kansa, shi ke yanke shawarar inda za a juya kuɗin. Akwai kamfanin ajiya, wato PFC, wanda kuɗin ke hannunsa. Sai PenCom da ke sa ido a kan duka biyun. Hikimar ita ce mai juya kuɗin ba shi ke riƙe da su ba, mai riƙe da su kuma ba shi da ikon juya su yadda ya ga dama.

Ga wasu ƙa'idoji da ya kamata kowane ɗalibi ya sani:

(i) Dole mai aiki ya tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Idan ya ƙi, akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba duk wata.

(ii) Ba a taɓa kuɗin sai an yi ritaya kuma an kai shekara 50, sai fa in rashin lafiya ne ya sa aka bar aiki.

(iii) Wanda ya rasa aiki kafin shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cirar kashi 25 na abin da ya tara.

(iv) Dole mai aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza albashin shekara uku ba.

(v) Tun Nuwamba 2020 ma'aikaci yana iya sauya kamfanin gudanarwa sau ɗaya a shekara.

(vi) Tun 2021 akwai asusun da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ga wanda addininsa ya hana shi.

(vii) Tun 2022 ana iya amfani da kashi 25 na asusu a matsayin kafin alƙalami na sayen gidan zama.

Idan ranar ritaya ta zo, ana ba mutum wani kaso a dunƙule, da sharaɗin abin da ya rage ya isa a riƙa biyansa. Ragowar kuwa hanya biyu ce. Ko dai ya bar kuɗin a hannun kamfanin gudanarwa a riƙa tsakuro masa duk wata bisa lissafin shekarun da ake tsammanin zai yi, ko ya miƙa su ga kamfanin inshora wanda zai ɗauki alkawarin biyansa muddin yana raye. A hanya ta farko, abin da ya rage bayan mutuwa na magada ne. A ta biyu, biyan ba ya yankewa ko da mutum ya kai shekara ɗari, amma rabon magada yana da iyaka.

Babban bambancin da ke tsakanin tsarin biyu shi ne wanda ke ɗauke da kasada. A tsohon tsari an san abin da za a karɓa, sai dai ba a san ranar da zai zo ba. A sabo kuɗin yana nan a ajiye, amma yawansa ya danganta ga abin da aka zuba da ribar da aka samu. Zuwa 2024 dukiyar da ke cikin asusun ta haura naira tiriliyan 20, masu rajista kuma sun haura miliyan 10. Duk da haka ba kowa ya gamsu ba. An fitar da sojoji da jami'an leƙen asiri daga tsarin a 2011, ma'aikatan majalisar tarayya suka fita a 2023, 'yan sanda masu ritaya kuma suka yi zanga-zanga a Abuja a Yulin 2025 suna neman a fitar da su su ma.

6.0 Nazarin Kalmomi

6.1 Fansho, garatuti, ritaya

Duka ukun aro ne daga Ingilishi, kuma kowacce ta bi ƙa'idar aro ta Hausa. A daidaitacciyar Hausa harafin p yakan koma f, kamar a fensir da fenti da fasinja da famfo da fetur. Haka aka sami fansho. Mu mutanen Filato, da yake harsunanmu suna da sautin p, sau da yawa da shi muke furta kalmar, amma a rubutu f ce daidai. A garatuti kuwa an raba baƙaƙe biyu da suka haɗu a farkon kalma da wasali, domin gaɓar Hausa ba ta farawa da cunkoson baƙaƙe. Wasu kan rubuta giratuti. Ta fuskar jinsi, fansho da garatuti maza ne, shi ya sa ake cewa fanshonsa da garatutinta. Ritaya kuwa mace ce, ana cewa ritayarsa. Wannan wuri ne da ya kamata masu Hausar Jos su kula, domin Hausarmu ta kasuwa takan mayar da kusan komai namiji.

Wani zai iya zaton fansho ta fito daga fansa, tun da akwai fanshi da fanshe, kuma ma'anar ta yi kusa: mutum ya fanshe wahalarsa. Amma ƙa'idar ganɗantawa ta nuna ba haka ba ne. Sautin s yana komawa sh ne a gaban wasalin i ko e kawai. A gaban o yana nan yadda yake, shi ya sa ake cewa ya fanso kayansa. Kamar da ke tsakaninsu dace ne kurum, kodayake mai yiwuwa ita ta taimaka wa kalmar ta zauna daram a bakin Bahaushe.

6.2 Ritaya, murabus, sallama, kora

Masu fassara sukan cakuɗa waɗannan, alhali a wurin doka kowacce da hukuncinta. Ritaya ita ce barin aiki saboda cikar shekaru ko rashin lafiya, da cikakken haƙƙi. Murabus tsohuwar kalma ce ta sarauta, yanzu kuma ana amfani da ita ga mai muƙami da ya sauka. Ajiye aiki shi ne mutum ya bari don kansa. Kora hukunci ce saboda laifi, kuma a tsohon tsari wanda aka kora yakan rasa fansho da garatuti duka. Sallama ita ce mai harshen damo: an sallame shi yana iya nufin an kore shi, yana kuma iya nufin an biya shi haƙƙinsa. Amma kuɗin sallama fassara ce mai kyau ta garatuti, kowa yana gane ta.

6.3 Ɗan fansho da aikatau ci

Hausa ta yi amfani da ɗan da 'yar da 'yan ta gina sunan mai karɓar fansho, kamar yadda ta gina ɗan kasuwa da ɗan sanda da ɗan ƙwadago. Abin lura shi ne sauran duka sunayen sana'a ne, saboda haka harshen ya ɗauki zaman fansho kamar wani matsayi mai zaman kansa. Aikatau ci kuwa yana nuna mana fuska biyu. Idan aka ce Malam yana cin fanshonsa, ana nufin yana morar haƙƙinsa. Idan aka ce an ci kuɗin fansho, ko an cinye fanshon Malam, to sata ake nufi. Bambancin yana ga wanda ya ci da kuma mai abin.

6.4 Adashin gata

Wannan shi ne sunan da kafofin yaɗa labarai na Hausa suka fi ba sabon tsari, wasu kuma su ce tsarin karo-karo. Ƙirƙira ce mai daɗi, domin ta ɗauko abin da kowace mace a kasuwar Taminus ta sani. Akwai zubi a kai a kai, akwai mai riƙo kamar uwar adashi, akwai ranar kwasa. Gata kuwa shi ne ƙarin da mai aiki yake yi wa ma'aikaci. Akwai kuma wata gata, ranar da ke bin jibi, wadda karin sautinta ya bambanta, amma a rubutu ɗaya suke, har mai karatu ya iya hango ma'anar tanadin gaba a ciki.

Sai dai kamancen yana da iyaka, kuma a nan ne rikici yake tasowa. A adashi kuɗin kowa yana haɗuwa wuri ɗaya, a nan kuwa kowa da asusunsa. A adashi abin da ka zuba shi kake kwasa, a nan kuɗin yana jawo riba. Mafi muhimmanci, a adashi idan ranarka ta zo duka kake kwashewa. Tsohon da aka shekara ashirin ana ce masa adashi yake yi, ranar da aka miƙa masa wani kaso aka ce sauran sai wata-wata, dole ya ga kamar an cuce shi. A ganina, duk mai fassara da zai ce adashin gata ya wajaba ya biyo da bayanin cewa wannan adashin ba a kwashe shi gaba ɗaya.

6.5 Magaji da makusanci

A takardun ɗaukar aiki akwai gurbin da ake rubuta sunan wanda za a tuntuɓa idan wani abu ya faru. An saba fassara shi da magaji, kuma wannan fassara ta haddasa rigima a gidaje da dama, domin wanda aka rubuta sunansa yakan ɗauka dukiyar tasa ce shi kaɗai. A aikace, kamfanonin fansho suna neman wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, sannan a raba bisa dokar gadon da ta shafi mamacin. Kalmar makusanci ta fi dacewa da wannan gurbi, a bar magaji ga mai gado na haƙiƙa.

6.6 Tantancewa, ariyas, tallafi

Tantancewa asalinta rarrabe abu daga abu ne, yanzu ta zama sunan aikin tabbatar da cewa ɗan fansho na gaskiya ne kuma yana raye. Ariyas aro ce, tana nufin kuɗin baya da aka riƙe. Kalmar bashi ta fi ta nauyi, domin tana nuna akwai mai bi da wanda ake bi. Tallafi kuwa taimako ne da ake bayarwa don jin ƙai. Bai kamata a kira fansho tallafi ba, tun da tsarin mulki ya kira shi haƙƙi. Mai karɓar tallafi godiya yake yi, mai haƙƙi kuwa yana da bakin tambaya idan an makara.

7.0 Tsofaffin Tudun Wada Kashi Huɗu Ne

Idan na dubi unguwarmu da wannan ilimi, sai in ga tsofaffinmu sun kasu huɗu.

Kashi na farko su ne ma'aikatan tarayya na tsohon tsari, irin tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da gidan waya. PTAD ke biyansu. Bayan da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, gwamnatin tarayya ta amince a ƙara musu naira 32,000 a wata.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka fara aiki a tsohon tsari suka ƙare a sabo. Haƙƙinsu na shekarun kafin 2004 gwamnati ce za ta zuba musu a asusu kafin a fara biyansu, kuma jinkirin wannan ya sa wasu sun yi wata da watanni ba albashi ba fansho. A Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a ciwo bashin naira biliyan 758 don biyan irin waɗannan basussuka.

Kashi na uku su ne ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, waɗanda mu a Filato muke da 17. Kowace jiha ita ke yin dokar fanshonta. Legas ta yi tata ta adashin gata a 2007, Kaduna ta fara aiwatar da tata a 2017, Jigawa da Kano kuma suka zaɓi tsarin da ma'aikaci ke zubi amma a biya shi bisa lissafin albashi da shekarun aiki. A jihohi da yawa garatuti ne ya fi daɗewa bai fito ba. Na san wani maƙwabcinmu da ya aurar da 'ya'ya biyu yana jiran nasa.

Kashi na huɗu, waɗanda suka fi kowa yawa, su ne waɗanda ba su taɓa aikin albashi ba: masu fasa dutse, masu sayar da dankali da kayan miya, magina, direbobi, teloli. A Maris 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho domin masu sana'ar kansu, wanda PenCom ta sake wa suna da fasali a 2025. Amma wanda ya riga ya tsufa ba shi da abin zubawa. Wasu ƙasashen Afirka sun magance wannan da fanshon tsufa wanda ba sai an yi zubi ba: Botswana ta fara a 1996, Lesotho a 2004. A gida, Jihar Ekiti ta gwada biyan naira 5,000 a wata ga masu shekara 65 zuwa sama a 2011, an kuma sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018.

Abin da ya haɗa kashi huɗun nan shi ne tsadar rayuwa. Bayan cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Dala da take kusan naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ɗan kasuwa yana iya ƙara wa kayansa kuɗi, ma'aikaci yana iya shiga yajin aiki. Ɗan fansho kuwa sai ya rage mudu ko ya raba ƙwayar maganin hawan jini biyu.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda fansho ya taso daga alkawarin gwamnati ya koma asusun da ma'aikaci ke tarawa, mun kuma ga cewa kalmomin da muke amfani da su suna iya haskaka wa mutum hanya ko su ɓatar da shi. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk wanda Allah ya ba aiki ya buɗe asusu tun watan farko, ya riƙa duba ko ana zuba masa, ya adana takardar kama aiki da ta ƙarin girma, ya kuma tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a duk takardunsa, domin saɓanin harafi ɗaya yakan tsayar da biya. Wanda kuma yake da tsoho a gida, ya zauna ya karanta masa takardunsa da Hausar da zai gane.

Ga ɗan aikin gwaji ga mai sha'awa:

1. Kawo kalmomin aro biyar da p ta koma f a cikinsu, ban da waɗanda aka ambata.

2. Gina jimla huɗu da ke nuna bambancin ritaya da murabus da sallama da kora.

3. Ƙirƙiro wa sabon tsarin fansho wani suna na Hausa wanda ba zai sa mai ji ya yi zaton kwasa ɗaya ake yi ba, ka aiko wa wannan mujalla.

Allah ya ba iyayenmu haƙƙinsu suna da rai da lafiya, ya sa mu ma mu tsufa da mutunci.